Uwa a Ajin 'Yar Farinta

Dakar, watan Maris

Zuwa ga Kawu Mu'azu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, ina zafi? Na san yanzu Yamai ta fara gasa mutane. Yaya gwiwar nan taka, kana shan maganin da aka rubuta maka ko ka koma ga jiƙe-jiƙenka? A gaida Inna Tabawa da yara. Ni lafiya lau nake, sai ciwon baya na zaman kujera da idanu masu yaji. Na so in kira ka, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon, ina ihu kana "na'am?" har maƙwabtana suka leƙo su ga da wa nake faɗa. Gara rubutu. In ka kai kayan lambu Petit Marché ka biya ta sibar, shagon intanet ɗin nan, ka karanta a tsanake.

Ka sha tambayata wace irin malanta ce wannan da babu allo babu alli. Ga ta a taƙaice. Ina zaune a ɗakina nan Dakar, ɗalibaina suna Yamai, ungozomomi ne da masu jinya. Ina koya musu yadda za su bar manyan littattafan nan da ɓera ke ci, su riƙa shigar da bayanin marasa lafiya a ordinater, wato kwamfuta. Kowace mai ciki da lambarta, da awonta, da hawan jininta, da ranar da za ta dawo, ta yadda in ta tashi daga unguwar Boukoki ta je wata likita, wani asibitin ke nan, bayaninta zai riga ta isa. A baki abin daɗi. A aikace kuwa rabin darasi a "kuna jina?" yake tafiya. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke wa wannan, rezon intanet ya yanke wa waccan, wata ta manta mikro a buɗe muna jin tana cinikin albasa. Yawancinsu ba su kunna kamara, sai in wuni ina yi wa baƙaƙen akwatuna magana, kowane da suna a ƙasansa. Kawu, na gaji, kuma yanzu aka fara.

A ƙasan ɗaya daga akwatunan nan na ga an rubuta Madam Mariyama Halidu, majo, wato shugabar ɗakin haihuwa, Boukoki. Yaya ce, Kawu. Yayarka, uwata. Na tashi ina ce mata Yaya don haka na ji kuna kiranta, kuma ko a mafarki ban zaci zan tarar da ita cikin ɗalibaina ba. Ba wanda ya gaya mini, har kai.

Tun da aka fara ba ta yi fashi ba. Tana riga kowa shiga, ita ce ƙarshen fita. Amma ba ta taɓa kunna kamara ba, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ko gaisuwar da kowa ke amsawa ita ba ta amsawa.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarshen karatun. A watan Oktoba kowace ɗaliba za ta zauna gaban kamara ita da malaminta, ta nuna aikinta, ta amsa tambayoyi da bakinta. Wadda ba ta yi haka ba babu diplom, kuma masu likitarsu sun ce majon da ba ta da diplom ɗin nan za ta sauka ta ba wata wuri. Ka san ɗakin haihuwar nan shi ne rayuwarta. Don Allah ka bincika mini, ta san ni ce kafin ta shiga? Kuma me take nufi da shirun nan?

'Yarka,
Balkisa

Yamai, watan Afrilu

Ɗiyata Balki,

Na samu takardarki. Na karanta ta don labari, na sake karantawa don in ji ko Hausarki ta fara ƙarnin kifin Dakar. Da saura, alhamdu lillahi, ni tsohon mushe, malamin makaranta, ban yi asarar alli a kanki ba. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita ba mai barin wani. Zafi kuwa kada ki tambaya, salatin lambuna na Goudel tun kafin azahar yake kwanciya, ni ma haka. Tabawa na gaishe ki, ta ce ki rage zama ki ci abinci.

Na je Boukoki ranar Juma'a. Ban tambaye ta kai tsaye ba, kin san halin yayata, ba a zuwa mata da magana a tsaye. Na zauna na sha ruwa, na yi zancen tumatir, sannan na ce na ji an sa su karatun ordinater. Ta ce i, an sa su, bayan tsufa. Na ce wa ke koyarwa? Sai ta tashi ta hau gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Can ta ce, "Mutuniyar Dakar ce."

Ba ta sani ba kafin ta shiga. Wata abokiyar aikinta ta ba ni labari. Ranar farko sun taru a ofis, don nan ne rezo ke da dama-dama, kowace da tablet ɗin da aka raba musu. Fuskarki na fitowa ta kife nata a cinya. Tun ranar can take zama a kusurwa, ta ba sauran baya.

Balki, kin yi karatu mai nisa, amma ba a Dakar aka haife ki ba. Ke ce ta fari. Ana yaye ki aka kai ki Maradi wurin tsohuwarmu, Allah ya jiƙanta, can kika girma. Yaushe kika taɓa jin ta kama sunanki? Yaushe ta zauna ta dube ki ido da ido? Ƙannenki ta goya su, ta dake su, ta yi musu wasa. Ke kuwa sai ta bayan gida, ta aiko miki da zane ta ce wai ya yi mata yawa ne. Haka tsohuwarmu ta yi da babban wanmu har ta koma ga Allah. 'Yan yanzu sun watsar da wannan kunyar, amma Yaya ba 'yar yanzu ba ce. To a ce yau ta buɗe baki gaban 'yan matan da ita ta koya wa yankan cibi, ta ce "ban gane ba, a maimaita mini", kuma ga wa? Ga ke.

Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Da na san ita ce, da ban shiga ba." Iyakar abin da na samo ke nan. Ki bi ta a hankali, Oktoba da nisa.

Kawunki,
Mu'azu

Dakar, watan Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya kawo muku ruwa ku huta da zafin nan. Ni ga ni nan dai, mura ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Da ta san ni ce da ba ta shiga ba. Tun da na karanta wannan layin yake cina. Wato da wani baƙo ne, ko yaron da aka haifa jiya, sai ta zauna ta koya, amma ni ban isa ba. Kada ka sake karanta mini kunya, Kawu, na sha ta tun ina ƙarama. Ranar da na ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, ina tsaye a tsakar gida ta juya ga Inna Tabawa ta ce, "A ce mata an gode Allah." Na haɗiye, don a gida ne. Amma nan aji ne. Shekara biyu na yi ina gina karatun nan, darasi bayan darasi, don mata irinta su daina neman dosiye, takardun mai naƙuda, cikin kwali alhali mace na zubar da jini. In akwai wadda na tuna da ita ina ginin, ita ce. Shi ne za ta ce da ba ta shiga ba?

Aikinta na rubutu yana zuwa kan lokaci, ban hana mata wannan ba. Amma da kurakurai. Takan tsallake gurbin ranar dawowa, don ta saba riƙe matanta a ka, kuma na'ura ba ta san abin da ke kanta ba. Wadda aka riga aka shigar sai ta sake buɗe mata sabon dosiye, mace guda ta zama biyu. In ja layi, ta gyara ta maido, ba kalma ko ɗaya. Abin da zan warware mata da baki kafin shayi ya huce, sai mu yi mako muna jifan juna da shi.

Ga sauran ɗaliban sun fara ƙunƙuni. Kowace na kira sai ta amsa, me ya sa majo kaɗai ake tsallakewa? Wata har ta rubuto mini hakan. Ba su san abin da ke tsakaninmu ba, ko sun sani suna gwada ni, oho.

Na yanke shawara. A darasi mai zuwa zan kira ta kamar kowa. In za ta iya zama gabana a Oktoba, gara ta fara yanzu. In kana da ta cewa ka hanzarta.

Balkisa

Dakar, watan Yuni

Kawu,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na jira amsarka ban gani ba, na ɗauka ka yarda.

Na yi abin da na ce. Muna kan darasin sirrin mara lafiya, wa ke da izinin buɗe dosiye, wa ba shi da shi. Na kira biyu suka amsa. Sai na ce, da Faransanci, "Madam Mariyama Halidu, ki buɗe mikro ki gaya mana." Wallahi Kawu, ban taɓa faɗar sunan nan a fili ba sai ranar. Ta mikron wata na ji an ja kujera, na ji ƙofa. Akwatinta ya ɓace daga allon.

Tun ranar ba ta dawo ba. Aikin rubutun ma ya tsaya. Kullum in na buɗe aji idona na zuwa inda sunanta ke zama, har in manta abin da nake faɗa. Na aika mata saƙo a waya, an karanta, ba amsa, amma dama ba ta taɓa amsa mini ba, sai ta sa ƙanena ya kira.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne ina so.

Balkisa

Yamai, watan Yuli

Balkisa,

Zagin kika nema, to ga shi, amma bari in fara da gaisuwa don ni ba a Dakar na yi tarbiyya ba. Muna lafiya yanzu. Ruwan farko na sauka zazzaɓi ya kayar da ni, na daɗe kwance, Tabawa ce ke kai kaya kasuwa, ita kuwa ba ta san hanyar sibar ba. Sai jiya na ga takardunki biyu tare. Da na ga ta farkon a kan lokaci, da ko da rarrafe na zo na hana ki.

Ke wace irin malama ce da ba ta iya karatu ba? Na rubuta miki abin da ta ce, ban rubuta miki cewa ta raina ki ba. Ke kika sa wannan da hannunki. Wadda ta raina malami ce ke riga kowa shiga aji? Cewa ta yi da ba ta shiga ba don ta san bakinta ba zai buɗu ba, ta san ta sa kanta inda ba ta iya gaba ba ta iya baya. Ni ma da laifina, na ba ki magana tsirara ban sa mata riga ba.

Sannan ki kama sunanta, da na ubanta, ubana, gaban yaran da ke durƙusa mata! Duk ofishin nan sun san ke ɗiyarta ce, a Boukoki wa ke ɓoye haihuwa? Ba don ta ji haushi ta fita ba. Kunya ce ta ishe ta, tata da taki, ta ɗauka duka biyun.

Ga inda ake. Masu likita sun kira ta sun ce in ba ta koma karatu ba, bayan Oktoba za a mai da ta ɗakin ajiya, wurin rabon gidan sauro. Shekara biyu suka rage mata ta ajiye aiki. Mace da rabin yaran unguwar nan a hannunta suka faɗo, ta ƙare da ƙirgar gidan sauro. Ta ce mini ba komai, aiki aiki ne. Tana faɗa tana murza bakin zanenta har na ce zai yage.

Akwai abin da na gani, na yi ta shawara ko in gaya miki. Darussan nan naki ashe ana ɗauka a ajiye, mai so ya sake kallo. Na shiga gidanta bayan la'asar ban yi sallama da ƙarfi ba, na tarar da ita a ɗaki da tablet a hannu. Ke ce a ciki kina ta bayani da hannuwa. Na san kunnena ya yi nauyi, amma na matsa kusa, babu murya sam, ta kashe ta. Kallonki kawai take yi. Ta kan tsayar da hoton, ta kawo shi kusa da ido, ta sake saki. Ni tun da aka haife ki ban taɓa ganin ta dube ki ya wuce ƙiftawar ido ba. Da ta farga da ni ba ta ɓoye ba, ta dai kau da kai ta ce wa bango, "Ta rame."

Ban san abin da za ki yi da wannan ba. Ni dai na gaji da zama gada tsakanin mata biyu masu kai ɗaya. Kada ki sake yin komai da gaggawa.

Mu'azu

Dakar, watan Agusta

Kawuna,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka gaida Inna Tabawa da ɗawainiya. Ni ba ciwo nake ba, amma tun da na karanta takardarka abinci ba ya wuce mini. Na yi kuka, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Na buɗe darussan nan na kalli kaina babu murya, ina neman abin da take gani. Ban ga komai ba sai mace mai gajiya da ɗankwali a karkace.

Na zauna na yi tunani. Ba za ta iya yi mini magana ba, kuma ni na ƙara toshe hanyar da bakina. In na ci gaba da zama a kujerar nan, ɗakin haihuwa ya tafi. To ni ce zan tashi.

Na rubuto maka wannan shawarar tun farkon wata, na ce ka ba ni ra'ayinka, sai ga shiru kuma. Na ji a rediyo kogi ya cika, ina fata Goudel lafiya. Ba zan iya jira ba, don a makon nan ake rufe tsarin jarrabawa. Jiya na je wurin shugabar sashenmu na gaya mata gaskiya. Ta yi faɗa, ta ce tun ranar farko ya kamata in faɗa, don a dokar makarantarmu malami ba ya koyar da na jininsa, balle ya jarraba shi. Ta sa na rubuta na sa hannu. Ajin Yamai gaba ɗaya an ba abokin aikina, Mushe Abdoulkarim, mutum mai haƙuri, ɗan Tahoua ne, yana jin Hausa. Ni an tura ni wani aji na wata ƙasa, wasu baƙaƙen akwatunan.

Ya yi mini ciwo, don ajin nan nawa ne, ni na haife shi. Amma na ji sanyi kuma. Ka je ka gaya mata ta koma, ba za ta sake ganina a can ba. Ka ce mata na tuba da abin da na yi a watan Yuni. Ka san yadda za ka faɗa ba tare da ka sa ta gyaran labule ba.

'Yarka,
Balki

Yamai, watan Satumba

Ɗiyata,

A takarda nake rubuta wannan, a gidan Yaya, in hanya ta buɗe in kai sibar a buga miki. Ruwa ya ci lambun Goudel har da rijiya, ya shiga ɗakunanmu, shi ne muka kwaso muka dawo Boukoki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Gwiwa ta samu abin da take so, sanyi da laka.

Albishirinki. Zaman nan ya sa na ga abin da ban zata ba. Yaya tana shirin jarrabawarki. Ta je ta gaya wa masu likita za ta koma. Da hantsi, in ta ɗauka mun fita, sai ta jingine tablet jikin tukunya a madafa, ta gyara zama, ta hau bayani da Faransanci, yadda ake buɗe dosiye, yadda ake neman matan da suka tsallake awo. Tabawa ce ke laɓe tana jiyo mini. Ta ce takan fara da "Madam", wato ke, ta tsaya, ta sake farawa, har dai ta wuce wurin. Ta kuma kai atamfa wurin tela. Na ce bikin wa? Ta ce, "Oktoba." Don haka ki kwantar da hankalinki, kada ki taɓa komai, ki jira ta.

Ƙari, daga sibar. Na zo a buga wannan, na tarar da takardunki na Agusta. Wayyo Balki. Wayyo ɗiyata. Na bar na saman yadda yake don ki gani. Yanzu da wane baki zan koma gidan nan?

Mu'azu

Yamai, watan Oktoba

Balki,

Muna lafiya, mun koma Goudel, muna kwasar laka. Tabawa na gaishe ki. Ba ki amsa ta Satumba ba, ban kuma ga laifinki ba.

Na gaya mata a ranar. Tana tsintar shinkafa, na zauna na faɗi komai, har tubanki. Hannunta ya tsaya cikin faranti. Ta ce, "Wa ya ce ta tashi?" Na ce don ke ta yi, don kada ki rasa ɗakin haihuwa. Ta ce, "Ni na ce mata ban iyawa?" Na ce Yaya, ai ba ki ce mata komai ba, matsalar ke nan. Ta yi mini kallon da rabona da shi tun ina yaro.

An yi jarrabawa ranar Talata. Ta sa sabuwar atamfar, don an riga an ɗinka. 'Yan ofis sun ce ta zauna gaban Mushe Abdoulkarim ta kunna kamara da kanta, ta yi bayani tiryan-tiryan, ya yi mata gyara a wuri biyu ta karɓa. Ta ci. Ɗakin haihuwa nata ne har ta ajiye aiki. 'Yan matan sun yi guɗa, sun sayo lemo, ita kuwa ta ce kanta na ciwo ta taho gida.

Na bi ta da yamma in yi mata barka. Ta riga ta tuɓe atamfar ta ninke. Na zauna. Sannan ta ce, ba ni take kallo ba, "Mu'azu, doka ce fa. Da da ita aka yi jarrabawar, ba mai cewa na yi rashin kunya, don tilas aka yi mini. In zauna, ta tambaya, in amsa, in dube ta ta dube ni, ba mai shiga tsakani. Tun da na haihu ban taɓa samun dalili irin wannan ba." Ta share fuska da bakin mayafi ta ce hayaƙin maƙwabta ya dame ta. Ba wanda ya hura wuta a gidan.

Ni ban ce kin yi kuskure ba. Kin yi abin da ɗiyar kirki za ta yi da abin da ta sani. Ruwa ne ya riƙe takardata, ni kuma tsufa ya riƙe ni.

Da zan fita ta ba ni saƙo, ba ta ce na wa ba. Ta ce ta ji 'yan ofis na cewa akwai aji na biyu, na masu son ƙari, ba dole ba ne. Wai in tambaya mata yaushe ake farawa, kuma wa ke koyarwa.

Kawunki,
Mu'azu

Dakar, watan Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa, sannunku da aikin laka. Ina lafiya. Ka yi mata barka, ka ce an gode Allah.

Akwai aji na biyu, a watan Janairu ake farawa, kuma ni ke koyarwa. Da na karanta takardarka ban ko sa takalmi daidai ba na tafi wurin shugabarmu. Na roƙe ta, na ce ko ba diplom, ko a bar ta ta zauna kawai ta yi jarrabawar banza. Ta ji tausayina, amma ta juyo mini da ordinater ta nuna mini. An riga an haɗa sunayenmu a tsarin makaranta, duk ajin da nake ciki na'ura ba za ta karɓe ta ba. Irin tsarin da nake koya wa mutane ne, Kawu, ba ya mantuwa kuma ba ya jin roƙo.

Ban san yadda za ka gaya mata ba. In ta tambayi dalili, ka faɗa mata gaskiya. Ka ce sun tambaye ni mece ce ita a wurina, ni kuma na rubuta musu da hannuna cewa ita ta haife ni.

'Yarka,
Balkisa